Karen da aka kawo mana ajiya, mai shi ya daina ɗaga waya

Assalamu alaikum. Muna zaune a Ingila ni da mijina da yaranmu biyu, babban yana da shekara huɗu, ƙaramar ba ta cika biyu ba. Ƙanin mijina, ɗan shekara 22, yana tare da mu a gidan haya. Wata biyu da suka wuce ya shigo da wani ƙaton kare, ya ce abokinsa ne ya ba shi ajiya na mako biyu kafin ya sami sabon gida. Yanzu abokin ya daina ɗaga waya. Wata maƙwabciya ta ce mini karen ya yi kama da XL Bully, kuma an hana ajiye irinsa. Ƙanin mijina ya ce ruwa-biyu ne, har ya nuna mini takardar da aka sayo shi da ita tun yana ɗan kwikwiyo, an rubuta wani jinsi daban. Makon jiya ɗana ya matsa kusa da shi yana cin abinci, sai karen ya sandare ya yi gurnani. Bai cije shi ba. Da rana ni kaɗai ce a gida da yaran da karen. Mijina ya ce kada in kuskura in kira 'yan sanda in jawo wa ƙaninsa shari'a, za su nemi wanda zai karɓa kyauta, in ba a samu ba su kai shi nesa su sake shi. Ba na so in zama silar ɗaure yaro, ba na kuma so a kashe dabba ta dalilina. Me zan yi?

Uwar yara biyu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maganar doka tana nan tafe, amma gurnanin nan shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ba ya jiran alƙali. Daga yau, kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa ma in da hali, kada karen da yaranki su sake haɗa ɗaki. Ki raba su da ƙofa mai kulle, ba labule ko kujera da aka gitta ba. In za a sami ƙofa biyu tsakaninsu ya fi, domin ɗan shekara huɗu ya iya murɗa hannun ƙofa, kuma shiga banɗakinki na minti ɗaya ya ishe shi.

Abin da karen ya yi sanannen hali ne a wurin likitocin dabbobi, wato tsaron abinci. Kare yakan fara da alamun da ido bai cika kamawa ba: ya lashi baki, ya kau da kai, ya zuba ido ta gefe har farin idon ya bayyana. In ba a kula ba sai ya sandare, daga nan gurnani, daga nan hari. Karen ya kai mataki na kusa da ƙarshe a kan ɗanki. Wannan bai nuna karen mugu ne ba. Ƙananan karnuka da yawa suna yin haka. Bambancin shi ne nauyi da ƙarfin muƙamuƙi. Irin waɗannan karnuka sukan kai kilo 50, wasu su wuce, kuma fuskar yaro da wuyansa daidai suke da bakin kare. Shi ya sa raunin yara ƙanana ya fi yawa a fuska da kai, kuma galibi a cikin gida yake faruwa, daga karen da suka saba da shi. Ki kuma faɗa wa ƙanin mijinki kada ya doki karen ko ya daka masa tsawa don ya yi gurnani. Karen da aka hora ya daina gurnani bai daina jin abin da ke sa shi gurnanin ba, gargaɗin kawai ya daina yi. A riƙa ba shi abinci shi kaɗai a ɗaki rufe, a ɗauke kwanon in ya fita, kada a bar masa ƙashi ko kayan wasa a inda yara ke rarrafe.

To, doka. Birtaniya ta kafa Dokar Karnuka Masu Haɗari a 1991, bayan wasu munanan hare-hare da suka tayar da hankalin jama'a. Nau'i huɗu aka haramta a lokacin: Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo na Ajantina, da Fila na Barazil. Haka jerin ya zauna sama da shekara talatin, sai a watan Satumba na 2023 Firaminista Rishi Sunak ya ba da sanarwar za a ƙara XL Bully. Daga 31 ga Disamba 2023, a Ingila da Wales, ya zama laifi a sayar da shi, ko a bayar kyauta, ko a yi musaya da shi, ko a sa shi ya hayayyafa, ko a yar da shi, kuma dole a sa masa takunkumi da igiya duk lokacin da aka fita da shi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma, ajiye shi kansa ya zama laifi sai ga wanda ke da takardar sahalewa daga gwamnati. An karɓi fam 92.40 a kan kowane kare, an yi wa sama da 50,000 rajista, sannan aka rufe karɓar buƙata a ƙarshen Janairun 2024. Wanda bai nema ba a lokacin, yanzu babu fom ɗin da zai cike. Kotu ce kaɗai ke iya ba da umarnin a sa kare a rajistar.

Takardar da ƙanin mijinki ya nuna miki ba za ta yi masa amfanin da yake zato ba. Nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin hankali yana ba mutum cewa in uwar kare da ubansa ba haramtattu ba ne, shi ma ba haramtacce ba ne. Dokar ba ta bin asali, ƙira take bi. Gwamnati ta fitar da bayanin siffar XL Bully: girman kai da faɗinsa, kaurin wuya, faɗin ƙirji, yanayin tsoka, gajeren gashi, da sauransu. Karen da ya dace da mafi yawan waɗannan siffofi ana ɗaukarsa a matsayin haramtacce, ko me mai sayarwa ya rubuta, ko me gwajin ƙwayoyin gado ya nuna. Ana iya samun 'yan kwikwiyo ciki ɗaya, ɗaya ya girma ya faɗa cikin haramcin, ɗan'uwansa ya tsira. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne tsayi: namiji baligi daga santimita 51 zuwa sama in an auna daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, mace daga santimita 48. Wanda bai kai haka ba, ba XL Bully ba ne, ko da yake yana iya faɗawa cikin siffar Pit Bull, wanda shi ma haramtacce ne. Na faɗi lambobin don ki sani, ba don ki ɗauko tef ki nufi karen ba. Kada ki yi.

Maƙwabciyarki ma tana iya yin kuskure, wannan gaskiya ne. Akwai karnuka masu faɗin kai da ƙirar ƙarfi da doka ba ta hana ba, kamar Staffordshire Bull Terrier, wanda ya cika gidajen Ingila. Amma ba ita za ta yanke hukunci ba, ba ƙanin mijinki ba, ba ma likitan dabbobi ba. Rundunonin 'yan sanda suna da jami'ai da aka horar musamman kan dokar karnuka, su ne ke duba kare su auna shi, in an yi jayayya kuma kotu ta raba gardama. A can ma abin ya saɓa da yadda aka saba: ba mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da cewa karen haramtacce ne ba, mai karen ne zai tabbatar da cewa ba shi ba ne.

Sai batun ajiya. A ce ma abokin nan yana da takardar sahalewa, tana da sharuɗɗa. Dole a dandaƙe karen, a sa masa ƙwayar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, a tsare shi inda ba zai kuɓuce ba, kuma ya zauna a adireshin mai takardar. Kwana 30 kacal aka yarda ya yi a wani gida cikin wata goma sha biyu. Naku ya yi wata biyu. Ba a kuma sauya wa irin wannan kare mai riƙo don kawai an ga dama, sai in mai takardar ya rasu ko rashin lafiya mai tsanani ta kama shi, shi ma ta hanyar kotu. Ni dai zargina, kuma zargi ne kawai, abokin ya san abin da ke hannunsa, ya ga ba shi da mafita, ya sami yaro mai kirki ya sauke masa kayan. Mai neman gida na mako biyu ba ya kashe waya.

Ga abin da mijinki bai lissafa ba. Yana ganin shirun da yake so ki yi kariya ce ga ƙaninsa, alhali ke ce ya bari a fili. Dokar ba ta tsaya kan mai kare ba, ta haɗa da duk wanda haramtaccen kare ke hannunsa ko ƙarƙashin kulawarsa. Wa ke gida da shi tun safe har yamma? Akwai kuma wani sashe na dokar da bai damu da jinsi ba sam, ya shafi kowane kare komai ƙanƙantarsa: laifi ne a bar kare ya fita daga iko ta yadda zai zama haɗari. Ba sai ya yi cizo ba, in ya sa mutum ya ji tsoro mai dalili cewa zai ji masa rauni, ya wadatar. Wanda ake tuhuma shi ne mai karen da kuma wanda ke kula da shi a daidai lokacin. Da, wannan sashe bai shiga cikin gidan mutum ba, amma tun Mayun 2014 aka faɗaɗa shi ya haɗa har da falonki, saboda yawan cizon da masu raba wasiƙu da ma'aikatan jinya masu zuwa gida ke sha. Hukuncin ya danganta da abin da ya faru: in babu rauni, ɗauri har wata shida ko tara marar iyaka ko duka biyun. In ya ji wa mutum rauni, har shekara biyar. In ya kashe, har shekara 14. In ma ya raunata karen da ke yi wa makaho jagora, akwai ɗauri har shekara uku. Ranar da mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ɗanki ya riga ki buɗewa, karen ya fita, sunanki za a fara rubutawa, su biyun suna wurin aiki.

Dabarun mijinki guda biyu kuwa, kowace ɗaya laifi ce a kan laifi. Bayar da shi kyauta haramun ne, tallata shi a Facebook ko wani dandali don neman mai karɓa shi ma haramun ne, kuma ya bar shaida a rubuce. Gidajen kula da karnukan da ba su da masu su ma ba a yarda su sama wa irinsa sabon gida ba. Sakin sa a wani wuri laifi ne ƙarƙashin wannan doka, ban da dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006. Na san za a ce a kai shi wani yanki. A farkon 2024 an yi ta kwasar karnuka zuwa Sikotland kafin haramcin ya isa can, sai gwamnatin Sikotland ta kafa nata a watan Fabrairu, ta kammala a Agusta na shekarar. Ireland ta Arewa ta biyo baya, Jamhuriyar Ireland ma haka. Gudun gara ne a tarar da zago. Ki bar doka ma a gefe: wa ke karɓar ƙaton kare kyauta ba tare da ya tambayi takarda ba? Ko wanda bai san abin da ya ɗauka ba, mai yara kamar naki, ko wanda ya sani sarai kuma da manufa yake nemansa. Karen da aka saki cikin dare kuma, mai yunwa, mai firgici, washegari hanyar makarantar 'ya'yan wasu zai bi.

Kafin a warware, duk fitar da za a yi da shi a sa masa takunkumi da igiya, kuma ƙanin mijinki ya riƙe, ba ke ba. Ku lura cewa in gidanku bene ne da kuke tarayya da wasu, matakala da farfajiya da lif duk doka ta ɗauke su a matsayin bainar jama'a. Cikin mota ma, in tana kan titi, haka ne. Takunkumin ba ya halatta karen, yana dai rage ɓarnar da za ta iya aukuwa.

Hanyar da ta rage ita ce wadda mijinki ke gudu, amma akwai yadda ake binta. Abin da zan ba da shawara shi ne ƙanin mijinki ya fara ganin lauya, wanda ya san shari'ar karnuka, domin akwai masu wannan fanni a Ingila. Bayan nan shi da kansa, ba ke ba, ya kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ya nemi jami'in dokar karnuka, ya ce an bar masa kare ajiya, mai shi ya ɓace, yana tsoron haramtacce ne, kuma akwai yara ƙanana a gidan. Mutumin da ya kai kansa da wanda aka kama yana ɓoyewa ba ɗaya suke ba a idon ɗan sanda, ba ɗaya suke ba a idon alƙali. Kuma kama shi ba wuya ba ne. Maƙwabciya ɗaya ta riga ta gane, kuma 'yan sanda suna da ikon ƙwace haramtaccen kare a kan titi ba tare da takardar kotu ba, ko bai taɓa kowa ba, ko babu wanda ya kai ƙara.

Kafin kiran, ya tattara duk saƙonnin da suka yi da abokin, musamman wanda aka ce mako biyu, da jerin kiran da ba a ɗaga ba. Kada ya goge komai, ko da akwai abin da yake jin kunyarsa a ciki. Tun Afrilun 2016 wajibi ne kowane kare a Ingila ya kasance da ƙwayar na'urar nan mai lamba, kuma in aka haska ta za ta nuna sunan wanda aka yi wa rajista. Idan sunan abokin ne ya fito, rabin labarin ƙanin mijinki ya tabbata ba tare da ya buɗe baki ba.

Daga nan abu ɗaya cikin uku zai faru. Jami'in ya duba ya ce ba haramtacce ba ne, sai karen ya zama kamar kowane kare, ana iya miƙa shi ga gidan kula da karnuka tare da gaya musu gaskiyar gurnanin. Ko ya ce haramtacce ne, a ɗauke shi a tsare har kotu ta zauna, kuma a wannan lokacin ba a ba da izinin ziyara. Ko kuma a sa hannu a sallama shi, abin da ba a tilasta wa kowa, amma in an yi, ana iya yi masa allurar mutuwa ba tare da an je kotu ba. Kada ya sa hannu a wannan takarda kafin lauya ya gani, musamman da yake karen ba nasa ba ne. In an je kotu, tun gyaran da aka yi wa dokar a 1997 ba dole ne alƙali ya ba da umarnin kisa ba. Tambaya biyu yake yi: shin halin karen da tarihinsa sun nuna haɗari ne ga jama'a, kuma shin wanda zai riƙe shi mutum ne da ya cancanta, mai wurin da ya dace? Zan faɗa miki ra'ayina ba kwana-kwana. Ko alƙali ya yarda a dawo da shi, gidan haya mai ɗan shekara huɗu da 'yar da ke koyon tafiya ba wurinsa ba ne. In ƙanin mijinki yana son ya yi fafutukar riƙe shi, hakkinsa ne, amma sai ya nemi nasa muhallin tukuna.

Kin ce ba ki so a ɗaure yaro. Wata shida da doka ta ambata kan ajiye haramtaccen kare iyaka ce ta sama, ba abin da ake yanke wa kowa ba ne. Akwai ma hanyar da 'yan sanda ke iya bi su kai batun karen gaban kotun majistare ba tare da sun tuhumi mutum da laifi ba. Ba zan yi miki alkawarin za su bi ta ba, zaɓinsu ne. Abin da ya kamata ya fi damun mijinki shi ne tabon laifi a takardun ƙaninsa. In yaron yana zaune da biza ne, ko yana shirin neman izinin zama na dindindin ko takardar zama ɗan ƙasa, ana duba tarihin laifi a duk waɗannan. Wannan dalili ne na ganin lauya da wuri, a kuma gaya masa matsayin takardun yaron tun zaman farko. Ba dalilin ɓoyewa ba ne, domin tabon da ke biyo bayan cizon yaro ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, kuma ba a kan mutum ɗaya zai tsaya ba.

Ƙanin mijinki zai ce miki kare ba shi da laifi, tarbiyya ce, kuma dokar zalunci ce. Kada ki yi gardama da shi a kan wannan, domin yana da abokan ra'ayi masu nauyi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na RSPCA da Dogs Trust da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya duk sun daɗe suna sukar haramcin da ake dogara da siffa, kuma wani kwamitin majalisar dokoki ya nemi a sake nazarin dokar a 2018. Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke haramcin bayan shekara 15 da ta ga cizo bai ragu ba. Italiya ta yi watsi da jerin jinsunan da take da shi a 2009, ta mayar da nauyin kan masu karnuka. Birnin Denba na Amurka ya riƙe haramcinsa tun 1989 har 2020, lokacin da masu zaɓe suka musanya shi da tsarin lasisi. A ɗaya ɓangaren, lardin Ontariyo na Kanada ya kafa nasa a 2005, Jamus kuma ta hana shigo da jinsi huɗu tun 2001, bayan karnuka sun kashe wani yaro ɗan shekara shida a Hambog, kuma a cikin huɗun nan har da Staffordshire Bull Terrier ɗin da ke yawo a sake a titunan Ingila. Kare ɗaya, halal a nan, haram a tsallaken ruwa. Ni ma ina ganin tef ɗin awo ba ya gane halin dabba, kuma an kashe karnuka masu sanyin hali da yawa saboda faɗin kansu kawai. Amma masu cewa jinsi ba ya nufin komai su ma sun wuce gona da iri, tunda ƙarfin da aka shekara ana zaɓa wajen hayayyafa ba ya gushewa don an yi wa kare kirki. Wannan muhawara ta majalisa ce. Karen da ke gidanku kuwa ba siffarsa kaɗai ke magana ba, ya riga ya nuna hali, kuma ba ku san komai game da yadda ya tashi ba.

Da mijinki, ki zaɓi lokacin da ƙanin ba ya nan, domin a gabansa ba zai so a ga ya ja da baya ba. Kada ki fara da 'yan sanda. Ki fara da abin da idonki ya gani ranar nan, dalla-dalla: inda yaron ya tsaya, tazarar da ke tsakanin fuskarsa da bakin karen, inda kike, da daƙiƙa nawa za ki ɗauka kafin ki isa. Shi labari ya ji, ke kika gani. Sannan ki nuna masa cewa abin da yake shirin yi zai mayar da ƙaninsa daga wanda aka yaudara zuwa wanda ya aikata laifi da saninsa, kuma shi ma da ya tuƙa motar ya shiga ciki. Ki nuna masa shafin gwamnati kan haramtattun karnuka ya karanta da idonsa, gajere ne, don kada ya zama maganarki ce da tasa. Ku duba yarjejeniyar hayarku ma, da yawa sun hana ajiye dabba ba da izinin mai gida ba, balle haramtacciya. In akwai babba a danginsu da yake jin maganarsa, ki sa shi a ciki, amma ki zaɓi mai riƙe sirri.

Game da ran karen, na fahimci nauyin da kike ji, kuma yana da kyau da kike jin sa. Zai yiwu a kashe shi, ba zan ɓoye miki ba. Amma wanda ya sayo shi, ya ƙi yi masa rajista ko ya karya sharuɗɗanta, ya jefar da shi a gidan mutane ya kashe waya, shi ya kai shi nan. A cikin hanyoyin da ke gabanku, ta 'yan sanda da kotu ce kaɗai ke da ƙofar da zai iya fita da rai bisa doka. Wadda mijinki ya zaɓa, ƙarshenta a tsince shi a titi babu mai tsaya masa.

In Allah ya kiyaye aka yi cizo kafin a gama, ki wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu, ki danne da tsumma mai tsabta in jini na zuba, ki kai yaron asibiti ko da raunin ƙarami ne a ido, domin haƙorin kare yana tura ƙwayoyin cuta can ciki. In a fuska ne ko wuya, ko jinin ya ƙi tsayawa, 999, lambar gaggawa, za ki kira. Ki faɗi gaskiyar abin da ya faru. Asibiti na iya sanar da hukumar kula da yara, kuma tambayar da za su yi ita ce ko an taɓa ganin wata alama kafin ranar.

Ki ba su wa'adi bayyananne, mako guda ya isa a ga lauya a yi kiran. A cikin makon, ƙanin mijinki ya ɗauki hutu ko ya sauya lokacin aikinsa, don kada a sake barin ki ke kaɗai da karen. In ba zai yiwu ba, ki riƙa wuni da yaran a wani wuri har su dawo. In makon ya cika ba a yi komai ba, ki sanar da mijinki tun da safe cewa yau za ki kira 101, kada ki yi a ɓoye, sannan ki kira.